Ƙarfen da Ba a Gani: Gyaran Sifirin Tsohuwar Motar Detroit

[Kiɗan buɗe shiri, sa'an nan ya lafa]

 Shirinmu na yau zai kai mu ƙasar Amurka, mu shiga ɗan gareji irin wanda mutanen can kan gina a jikin gida, mu durƙusa mu leƙa ƙarƙashin wata tsohuwar mota da ta haura shekara hamsin a duniya, domin mu duba waɗansu fallayen ƙarfe da babu mai yabonsu ran da aka fito da motar bainar jama'a, alhali kuwa su ke ɗauke da ita tun ran da ta bar masana'anta. Sifirin na baya nake nufi, irin mai falle-falle, wanda duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babbar motar kaya a tasha ya gan shi a bayan taya, dogon falle a sama, gajeru a ƙarƙashinsa, an ɗaure su wuri guda sun lanƙwasa kamar baka.

Kafin mu kai ga ƙarfen ya kamata mu san motar. A cikin shekarun 1960, sa'ad da fetur ke da araha a Amurka, yaran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma suka fara isa riƙe sitiyari, sai masu ƙera motoci na birnin Detroit, a jihar Michigan, suka faɗa wa wata dabara, wato su ɗauko injin babbar mota mai silinda takwas su dasa shi a jikin mota matsakaiciya, su sayar da ita a kan kuɗin da ma'aikaci zai iya biya. Galibin masu tarihin wannan sha'ani sun tafi a kan cewa Pontiac GTO ta 1964 ita ta buɗe ƙofa, sauran kamfanoni suka bi sahu, Amurkawa kuma suka yi wa irin waɗannan motoci laƙabin da za mu iya cewa mota mai ƙwanji. Zamaninsu bai yi tsawo ba, gama kuɗin inshora ya hau, dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta a rage hayaƙi, daga bisani takunkumin mai na 1973 ya zo ya ƙarasa abin da ya rage. Waɗanda suka tsira daga haɗari da tsatsa su ne yau ake tsinta a rumfunan gona da bayan gidaje, ana kashe musu dukiya da shekaru don a mayar da su yadda suke.

Wadda za mu tsaya a kanta ita ce Dodge Charger ta 1968, ta kamfanin Chrysler, irin baƙar nan da ta yi tsere da Ford Mustang a kan tuddan San Francisco cikin fim ɗin Bullitt a wannan shekara. Samfurinta da ake kira R/T ya zo da inji mai lita 7.2 da ƙarfin doki 375, mai hali kuma yana iya neman injin Hemi mai ƙarfin doki 425. To, duk wannan ƙarfi, komai rurin da inji ya yi, ba ya isa ƙasa sai ta tayoyin baya guda biyu, tayoyin kuwa suna jikin aksul, aksul kuma abin da ya riƙe shi da gangar jikin mota shi ne sifirin biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne tsawonsa ya kusa mita ɗaya da rabi, faɗinsa inci biyu da rabi.

Asalin wannan ƙarfe ya girmi mota da nisa. Wani maƙerin keken doki a Landan, mai suna Obadiah Elliott, shi ya yi rajistar ɗora keke a kan fallayen ƙarfe masu lanƙwasa a 1804, da mota ta zo kuma sai ta gaji abin kamar yadda ta gaji hanya. Daga baya aka sami tsarin da ake jingina wa kamfanin Hotchkiss na Faransa, inda aka bar wa sifirin aiki uku shi kaɗai: ya ɗauki nauyin mota ya sassauta mata gargada, ya riƙe aksul kada ya zame gaba ko baya ko gefe, ya kuma jure murɗawar da ke zuwa sa'ad da aka taka mai ko birki. Sauƙinsa da araharsa suka sa Mustang da Camaro da motocin Chrysler duka suka riƙe shi, ko da yake ita GTO da ta fara sifirinta na baya mai naɗi ne.

Aikin nan na uku shi ne inda hikima take, ina roƙonku ku ba ni hankalinku a kansa. Duk sa'ad da inji ya juya tayoyi gaba, kwanson aksul yakan nemi juyawa baya da ƙarfi daidai da wancan, ya ɗaga hancinsa sama, sai sifirin da ke ɗaure da shi ya murɗe kamar macijin da aka taka. In ya kai iyakar abin da zai iya jurewa sai ya warware gaba ɗaya, taya ta yi tsalle ta bar ƙasa, ta dawo ta kama, ya sake murɗewa, haka har motar ta riƙa kakkarwa kamar za ta rabu biyu. Camaro ta farko, ta 1967, da aka yi mata sifirin mai falle ɗaya tak, ta yi suna da wannan illa, shi ya sa a 1968 aka sauya mazaunin shokazoba, ɗaya a gaban aksul ɗaya a bayansa, masu manyan injuna kuma aka ba su fallaye da yawa. Injiniyoyin Chrysler kuwa tun da fari sun bi wata hanya: ba su ɗora aksul a tsakiyar sifirin ba, sai suka matso da shi gaba, har ya zamana abin da ke gabansa bai fi sulusin tsawon da kaɗan ba. Gajeren sashen nan na gaba yana da tauri, yana tokare aksul kamar sanda, dogon sashen baya kuma shi ke yin laushi ya shanye gargada. Ba su tsaya nan ba. Da yake juyawar farfela, sandar da ke kai ƙarfin inji ga aksul, takan rage wa tayar dama ta baya nauyi in an tashi da ƙarfi, sai suka bambanta jerin fallayen dama da na hagu a motocinsu masu manyan injuna, suka ƙara wa na dama waɗansu rabin fallaye. Wanda bai san wannan ba, ya kwance su ya cuɗanya, ko ya sayo guda biyu iri ɗaya don ya ga sun shiga, ya zubar da wani ilmi da aka gina a jikin motar ba tare da ya ko lura ba.

[Ɗan kiɗa]

Yanzu mu koma garejin. Shekara hamsin ta yi aikinta. A jihohin arewacin Amurka ana watsa gishiri a kan titi lokacin hunturu don ya narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin nan yana shiga tsakanin falle da falle ya kwana, tsatsa ta kumbura ta buɗa su, 'yan shimfiɗun tutiya da na roba mai tauri da aka sa don kada ƙarfe ya ci ƙarfe kuma suka ƙare, bakin kowane gajeren falle ya haƙa wa na samansa rami. Robar da ke cikin idon sifirin, inda babban falle ya naɗe a ƙarshensa ƙusa ta ratsa, ta bushe ta tsattsage. Lanƙwasar da aka ba ƙarfen a masana'anta ta kwanta sannu a hankali, har bayan motar ya zauna kamar jakin da aka yi wa lodi, ko ya karkata gefen direba, wanda shi ya fi ɗaukar nauyi tsawon shekaru. Wata motar ma a kan same ta da tabon gyaran samarin 1970, waɗanda suka sa dogon lilo, wato ƙarafan da ke rataye wutsiyar sifirin a jikin mota, ko shokazoba mai iska domin su ɗaga gindin mota manyan tayoyi su shiga, abin da ya ɗora nauyi a wurin da ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba.

Mai hankali ba ya fara da sufana, da awo yake farawa. Zai tsai da motar a daɓe mai daidaito, ya daidaita iskar tayoyi, ya cika tanki, ya auna daga ƙasa zuwa bakin fenda a kusurwa huɗu, ya rubuta. A motar Chrysler akwai wani abin lura, domin gabanta a kan sandunan ƙarfe masu murɗawa yake zaune, kowacce da ƙusar da ake ɗaga ta ko sauke ta. In ɗaya ta kauce daga ma'auni sai kusurwar baya da ke kallonta ta nuna karkata, mutum ya ɗora wa sifirin laifin da ba nasa ba. Wajibi ne kuma ya duba inda sifirin ya kama jiki, gama tun 1960 Chrysler ta daina yi wa galibin motocinta shasi dabam, jiki da ƙashi duka abu ɗaya ne da aka haɗa da walda, idan tsatsa ta cinye wurin, sabon sifirin da aka ɗaura a ruɓaɓɓen ƙarfe haɗari ne aka ƙara.

A nan ne masu wannan sana'a suka yi saɓani, saɓanin kuwa tsoho ne: a gyara na asali, ko a sayi sabo? Masu cewa a gyara hujjarsu ita ce, motar da ta zo da kayanta na ran farko ta fi daraja, wani sifirin ma akwai lambar masana'anta a jikinsa, kuma ba kowane sabon ƙarfe da ke kasuwa ya kai na dā kyau ba. Masu cewa a sauya kuma suna cewa ƙarfen da ya lanƙwasa ya miƙe sau miliyoyi ya riga ya tara ƙananan tsaga da ido ba ya gani, galibi daga ramukan tsatsa suke farawa, babu gyaran da zai mayar da su. Shi kansa gyaran iri biyu ne. Akwai na sanyi, wanda kanikawanmu na manyan motoci sun san shi sarai: a zana lanƙwasar da ake so da alli a ƙasa, a ɗauki falle ɗaya ɗaya a bi shi da guduma ko injin matsi, ana gwadawa da zanen har ya dace. Yana da araha, mota kuma takan miƙe nan take, amma sau da yawa ba ta daɗewa take komawa inda ta fito. Akwai kuma na wuta, inda ake kai fallayen tanderu a gasa su har zafi ya haura digiri 800, a ba su siffa, a tsoma su cikin mai su yi tauri, a sake mayar da su wuta mai sauƙi wajen digiri 400 zuwa 500 domin taurin ya sassauta ya zama juriya, daga ƙarshe a yi wa fuskarsu ruwan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, abin da ke matse fatar ƙarfen ya hana tsaga buɗewa.

Abin da ya rinjaya a wurina, bayan na auna hujjojin duka, shi ne a bar ƙarfen ya yi hukunci. Idan motar nadira ce, irin mai injin Hemi da aka ƙera kaɗan, aka wanke fallayenta aka tarar babu tsaga, ramin tsatsa bai yi zurfi ba, to ta cancanci a kai su tanderu a biya abin da aka nema. Idan kuwa mota ce da za a hau a ɗauki iyali a bi babbar hanya, ko aka ga tsaga ko da guda, musamman kusa da ramin tsakiya ko wuyan ido, sabo ya fi, kuma biyu tare, domin sabo a dama tsoho a hagu karkata ce aka saya da kuɗi. A Detroit ɗin kanta akwai kamfanin Eaton Detroit Spring, da ke aiki tun 1937, wanda ke ƙera sifirin bisa zanen masana'anta na asali, irin waɗannan masu ƙira kuma sukan tambayi shekarar mota da girman injinta da ko tana da na'urar sanyaya ɗaki, domin kowanne yana sauya nauyi. Abu biyu ne dai ban yarda a kusance su ba ko kaɗan: yi wa karyayyen falle walda, da gasa shi da wutar gas a gareji don a lanƙwasa shi. Dukansu suna kashe horon da aka yi wa ƙarfen, ya yi laushi a wani wuri ya yi gautsi a wani, ranar da zai karye kuwa ba ya sallama. In babban falle ne ya tsinke a gaban aksul, taya takan zame baya motar ta juya da mai ita inda bai nufa ba.

[Ɗan kiɗa]

Aikin kansa haƙuri yake ci fiye da ƙarfi. Tun saura kwana uku ko huɗu ake fara jiƙa kowane noti da man da ke ratsa tsatsa, safe da yamma. Ran aiki a sa wa tayoyin gaba waigi, a ɗaga bayan motar, a zaunar da jikinta a kan matokaran ƙarfe a gaban inda sifirin ya kama, a sa jak dabam a ƙarƙashin aksul. Ina jaddada wannan da babbar murya: kada ɗan Adam ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na ƙiftawar ido ne, gama motar nan ta fi tan ɗaya da rabi, rai kuwa amana ce. A yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, domin aksul ya zauna a mazauninsa, wanda ba a kwance ba kuma ya zama abin dubawa in an manta yadda wani abu yake. A cire gindin shokazoba, a kwance ƙarafan nan biyu masu siffar kofaton doki da suka rungume aksul suka ɗaure shi da sifirin, a ɗan ɗaga aksul, ana lura da tiyon birki kada nauyi ya rataya a kansa. Sa'an nan a saki lilon baya, wato gajerun ƙarafa biyu da ke ba sifirin damar tsawo da gajarta yayin da yake aiki, a sauke wutsiyarsa ƙasa a hankali.

Ƙusar idon gaba ita ce mai sa dattijo gumi. Tsatsa takan haɗa ta da bututun ƙarfen da ke cikin robar su zama abu guda, a juya ta tana juyawa da robar, a buga ta tana mayar da guduma, har a wasu motocin ba makawa sai an sa zarto an yanke ta ta gefe biyu. Mai Charger ya sami sauƙi a nan, domin marataya ta gaba noti huɗu ke riƙe da ita a jikin mota, yana iya kwance ta ya fito da ita tare da sifirin, ya yi fama da ƙusar a kan teburin aiki inda yake ganin abin da yake yi.

Wanda ya zaɓi gyara na asali, to kada ya taɓa ƙusar tsakiya da ta ratsa fallayen duka sai ya matse su da matsi biyu masu zare, ɗaya kowane gefe, domin ko a ƙasa suke akwai sauran ƙarfi a cikinsu, suna iya watsewa su karya yatsa ko haƙori. In ya cire ƙusar sai ya sassauta matsin kaɗan kaɗan, ya yi wa kowane falle alamar gaba da baya da matsayinsa a jeri, ya kankare tsatsa, ya goge ramukan da bakin fallaye suka haƙa, yana bin tsawon ƙarfen da gogarsa, kada ya gitta, gama karce a gicciye mafarin tsaga ne. Bayan an dawo da su daga tanderu a shafa fenti marar kauri, a sa sabbin shimfiɗu, sabuwar ƙusar tsakiya, sabbin maɗauran gefe. Game da robar ido kuma, akwai mai son irin ta zamani mai tauri, wadda ke sa mota ta tsaya cak a kwana amma tana kai ƙara da girgiza cikin ɗaki, takan kuma yi kuka in giris ya bushe. Ni dai ga motar da ake so ta koma halinta na 1968, roba irin ta asali na fi so.

Mayarwa ita ce kwancewa a juye, sai dai da sharuɗɗa da ba a sassauta su. A rataya idon gaba, gajeren sashe yana fuskantar gaba, a ɗaga wutsiya a sa lilo, a sauke aksul har kan ƙusar tsakiya ya faɗa cikin raminsa daidai, domin in bai zauna ba motar za ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Ƙarafan kofaton doki sabbi ake sawa, ko da tsofaffin suna da kyan gani, saboda an riga an ja su sun miƙe zarensu ya gaji. A ɗaure notinsu huɗu bi da bi a gicciye, da sufana mai ma'auni, zuwa adadin da littafin masana'anta ya faɗa. Ƙusar ido da ta lilo kuwa a bar su sako-sako tukuna. Sai an mayar da tayoyi, an sauke motar ta tsaya da ƙafafunta, an danna bayanta sau da yawa ta zauna, sa'an nan a ɗaure su. Dalili shi ne, robar ido ba juyawa take yi a kan ƙusa ba, murɗewa take yi a cikin kanta. In an ɗaure ta tayoyi na rataye, to da an sauke mota ta shiga murɗa ke nan dare da rana, motar ta tsaya sama da ƙa'ida, robar kuma ta yage cikin ɗan lokaci. Sau da yawa wanda ya yi kuka da cewa an sayar masa da sifirin da ya yi tsayi, wannan ne kurum ya tsallake.

Daga nan sai a fita da ita a hankali, a saurara, a dawo a sake awo a kusurwa huɗun nan a gwada da abin da aka rubuta da fari. Sabon sifirin yakan ɗan zauna bayan 'yan makonni, saboda haka ba a gaggawar yanke hukunci a kan tsayi, bayan tafiyar 'yan ɗaruruwan kilomita kuma a koma a sake bin notin kofaton doki, domin fenti da shimfiɗu sun matsu sun bar sarari. Idan an ji girgiza a wani gudu da ba a saba ji ba, a duba kusurwar da hancin aksul ya yi da farfela, akwai 'yan ƙarafa masu siffar bakin gatari da ake sawa tsakanin aksul da sifirin a gyara ta. Mutumin da ya saba da motarsa tana zaune a gindi yakan yi mamakin ranar farko, yadda ta daina buga ƙasa a gargada, yadda kuma in ya taka mai daga tsaye take dannawa ta tafi gaba ɗaya ba tare da kakkarwar nan ba.

Saura tsofaffin fallaye da ke jingine a bangon gareji. Irin ƙarfen da aka fi yin sifirin da shi, wanda Amurkawa ke kira da lamba 5160, yana da sinadarin gawayi wajen kashi 0.6 cikin ɗari da ɗan kuromiyam, haɗin da ke sa shi ɗaukar kaifi ya kuma jure duka, don haka masu ƙera wuƙaƙe a can suke nemansa, kamar yadda maƙeran Nepal ke yin wuƙarsu ta kukri da sifirin manyan motoci, kamar kuma yadda namu maƙeran suka daɗe suna sayen karyayyen sifirin a wurin 'yan gwangwan su fitar da adda da gatari da wuƙar fawa. Maƙeri zai yanke inda tsagar take ya yar, ya sa sauran a wuta, ya yi masa sabon horo tun daga farko, falle guda na Charger kuwa yana isa a fitar da wuƙa uku ko huɗu.

A nan za mu dakata, jama'a masu sauraro. Sai Allah ya kai mu wani makon. 

[Kiɗan rufe shiri]